Me ya sa matsugunan gaggawa na iyalai ba sa daina cika?

Wata malama da ke aikin sa kai a wani matsugunin gaggawa ta aiko da tambaya. Ta ce a babban birnin da take zaune an ƙara yawan ɗakunan saukar iyalai har sau biyu cikin 'yan shekaru, amma kullum a cike suke, kuma da idonta ta ga an sallami wata mata mai yara uku aka ce ta koma gidan yayarta, alhali daga can aka koro ta. Tana so ta sani: shin ƙarin ɗakuna ne mafita, ko kuwa iyalan ne ba sa son fita idan sun samu wuri?

Malama, tambayarki ta haɗa abubuwa biyu da mutane suka saba rabawa, wato ƙofar shiga da ƙofar fita, kuma amsar tana cikin haɗa su ɗin. Zan fara da lissafi, domin yawancin gardamar da ake yi a kan wannan batu tana mutuwa da zarar an ɗauki alƙalami. Yawan ɗakunan da birni yake bukata a kowane dare bai dogara ga yawan iyalan da suke zuwa kaɗai ba. Ya dogara ne ga yawan masu zuwa da kuma tsawon zaman da kowannensu yake yi. A ƙaddara iyali 100 ne suke shigowa a kowane wata. Idan kowane iyali yana yin wata uku ya fita, ɗaki 300 ya wadatar. Idan zaman ya koma wata goma sha biyu, sai an nemi ɗaki 1,200, alhali ko mutum ɗaya bai ƙaru ba a kan masu ƙwanƙwasa ƙofa. Randar da ake zuba mata ruwa ba a ɗiba, komai girmanta sai ta tumbatsa, kuma wanda ya sayo randa ta biyu ya sayi lokaci ne kawai. Wannan shi ne abin da kike gani a birninku. Na tabbata idan kika nemi alƙaluman hukumar da ke kula da matsugunan, kika dubi tsawon zama a bana da na shekara biyar da suka wuce, za ki samu mafi yawan amsarki a layin nan guda.

To, me ya sa zaman yake tsawo? A nan ne zargin da kika ambata yake shigowa, cewa iyalan sun samu wuri sun miƙe ƙafa. Na yi shekaru ina zama da iyalai a teburin karɓar masu neman matsuguni, kuma ban taɓa haɗuwa da uwar da ta fi son ɗaki ɗaya mai dokar lokacin dawowa, da banɗakin haɗaka, da ma'aikacin da zai iya buɗe mata ƙofa ya duba ko ta yi shara, a kan gidan da mabuɗinsa yake hannunta ba. Abin da yake riƙe su shi ne tazarar da ke tsakanin abin da suke samu da abin da mai gidan haya yake nema. Iyalan da suke faɗawa rashin matsuguni, idan aka kwatanta su da sauran iyalai matalauta na birni ɗaya, kusan iri ɗaya ne. Ba su fi su yawan taɓin hankali ko shaye-shaye da wani abin a zo a gani ba, saɓanin abin da ake samu a tsakanin waɗanda suka daɗe suna kwana a titi su kaɗai. Bambancin da yake fitowa fili shi ne sun fi ƙuruciya, yaransu sun fi ƙanana, kuma danginsu da abokansu sun riga sun yi iya yinsu sun gaji. A Amurka, kusan rabin yaran da ke matsugunai ba su kai shekara shida ba, kuma shekarar farko ta rayuwa ita ce shekarar da mutum ya fi fuskantar yiwuwar kwana a matsuguni. Dalilin ba boyayye ba ne: haihuwa tana rage kuɗin shiga a daidai lokacin da take ƙara bukatar wuri, kuma ɗakin da aka yi haƙuri da mutum biyu a cikinsa ba lallai a yi haƙuri da kukan jariri ba.

Akwai wata hujja da nake yawan kawowa ga masu ɗora laifin a kan halin mutane. A Amurka, birnin Detroit ya fi San Francisco da Seattle yawan talauci nesa ba kusa ba, amma idan aka auna da yawan jama'a, waɗannan biranen biyu masu arziki sun fi shi yawan marasa matsuguni. Abin da ya raba su shi ne tsadar haya da ƙarancin gidajen da babu kowa a ciki. Rashin lafiya, mutuwar aure, rasa aiki da dukan miji suna bayyana wane ne zai faɗi. Kasuwar haya ita take yanke mutum nawa za su faɗi.

Yanzu ga matar da kika gani an sallama. Kusan babu iyalin da yake tashi daga gidansa kai tsaye zuwa matsuguni. Tsakanin notis ɗin mai gida da ƙofar matsuguni akwai watanni na raɓe-raɓe: mako biyu a falon 'yar'uwa, wata guda a gidan ƙawa, kwana huɗu a otal mai araha har kuɗin su ƙare, wani lokaci dare ɗaya ko biyu a cikin mota. Waɗannan iyalai ba sa fitowa a ƙidayar marasa matsuguni da hukumomi ke yi a cikin dare ɗaya. Ƙidayar Amurka ta watan Janairun 2024 ta samu mutum 771,480 ba su da matsuguni, kusan 150,000 daga cikinsu yara ne, kuma yawan masu iyali ya ƙaru da kashi 39 cikin ɗari a shekara guda. Amma ba ta lissafa waɗanda suke raɓe a gidajen mutane ba. Makarantu kuwa suna lissafa su, saboda dokar McKinney-Vento, wadda asalinta na 1987 ne, ta faɗaɗa ma'anar ga ɗalibai. Shi ya sa a birnin Niyok kaɗai ake samun ɗalibai fiye da 100,000 a kowace shekara da ba su da tsayayyen mazauni, kuma mafi yawansu a gidajen wasu suke, ba a matsuguni ba.

Saboda haka idan matsuguni ya cika, ma'aikacin da ke teburin karɓa yana fuskantar matsin lamba ya nemo duk wani dalili da zai nuna cewa iyalin suna da inda za su kwana. Adireshin yayar nan da matar ta rubuta a takarda da hannunta shi ya zama hujja a kanta. Ina so in yi adalci a nan, domin tambayar ko akwai wani wurin ba laifi ba ce a kan kanta. Akwai hanyar da ake yin ta da kyau: a zauna da iyalin, a kira 'yar'uwar, a gano ainihin abin da ya haɗa su, idan kuɗin abinci ko na wuta ne a taimaka da shi, idan mai gidan ne yake barazanar korar yayar saboda cunkoso a yi magana da shi, sannan a ba iyalin tabbacin cewa idan shirin ya rushe ƙofa a buɗe take ba sai sun sake bin layi daga farko ba. Iyalai da yawa sun fi son hakan a kan matsuguni, kuma sun yi gaskiya. Akwai kuma hanyar da ake yin ta a matsayin kora da sunan shawara. Ma'aunin da nake amfani da shi guda biyu ne: shin an tambayi matar ita kaɗai, ba a gaban kowa ba, ko tana cikin aminci a gidan da ake mayar da ita? Kuma shin an ji ta bakin mai gidan cewa ya amince? Idan amsar ɗayansu a'a ce, ba a warware komai ba, an dai cire iyalin daga lissafin hukuma ne. Tashin hankali a cikin gida yana daga cikin manyan dalilan da ke fitar da mata da yara, kuma macen da ta gudo ba kasafai take faɗin haka ga baƙon fuska a minti goma na farko ba.

Birane sun sha bamban a kan ko matsuguni hakki ne ko alfarma. A Niyok hakki ne da kotu ta tabbatar: yarjejeniyar shari'ar Callahan ta 1981 ta fara da maza, shari'ar McCain da aka shigar a 1983 ta kai batun ga iyalai masu yara, aka kuma kulle shi da sulhu a 2008. Iyalai suna zuwa cibiyar karɓa guda da ke unguwar Bronx, a ba su masauki na wucin gadi na kimanin kwana goma yayin da ake binciken ko sun cancanta. Jihar Massachusetts ta kafa dokar hakkin matsuguni ga iyalai a 1983, amma a 2023, da tsarin ya cika maƙil, gwamnati ta ƙayyade shi ga iyali 7,500, daga baya ta sa wa zaman iyaka ta wata tara, sannan ta rage zuwa shida. A Ingila dokar 1977 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin sama wa iyalai masu yara wurin zama, kuma tun 2004 an hana ajiye su fiye da mako shida a ƙananan otal-otal masu kicin ko banɗakin haɗaka, dokar da ake yawan karyawa saboda babu inda za a kai su. A Faransa lambar waya 115 ce ƙofar, kuma a yankin Faris dubban iyalai suna shafe shekaru a ɗakunan otal da gwamnati ke biya.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake: hakkin matsuguni abu ne mai kyau, kuma birnin da yake da shi ba ka cika ganin yara suna kwana a tashar jirgi ba. Amma ki lura da abin da misalan nan suka haɗu a kai. Niyok tana da hakkin shiga, ba ta da hakkin fita zuwa gida, don haka matsakaicin zaman iyali mai yara ya wuce shekara guda a shekaru da dama. Ingila tana da iyalai da ɗaiɗaikun mutane fiye da gida 100,000 a masaukin wucin gadi tun 2023, da yara fiye da 150,000 tun 2024, kuma Landan ce ke ɗauke da fiye da rabin nauyin. Kalmar "wucin gadi" ta rasa ma'anarta ga yaron da ya shiga yana rarrafe ya fito yana aji biyu.

Wannan ya kawo mu ga abin da aka gwada aka gani, wanda nake ganin shi ne zuciyar amsar. Ma'aikatar gidaje ta Amurka ta gudanar da wani babban bincike da ya ɗauki iyali 2,282 daga matsugunai a yankuna 12 tsakanin 2010 da 2012. An raba su ta hanyar ƙuri'a, domin kada a ce masu ƙwazo ne suka zaɓi hanya mai kyau. Wasu an ba su fifikon samun tallafin haya na dindindin, inda iyali ke biyan kimanin kashi 30 cikin ɗari na abin da suke samu gwamnati ta cika sauran. Wasu an ba su tallafin haya na 'yan watanni don su fita da sauri. Wasu an tura su gidajen riƙon ƙwarya masu ma'aikatan jin daɗin jama'a da horo iri-iri, na tsawon har shekara biyu. Sauran an bar su da abin da aka saba. Bayan shekara uku, rukunin tallafin dindindin ya yi wa sauran fintinƙau: komawarsu matsuguni ta ragu da fiye da rabi, raɓe-raɓe ya ragu, sauya wa yara makaranta ya ragu, yunwa ta ragu, damuwar iyaye da dukan abokin zama duk sun ragu, alhali ba a haɗa musu da wata nasiha ko horo ba. Gida kawai aka ba su. Gidajen riƙon ƙwarya, waɗanda aka gina a kan tunanin cewa sai an gyara iyali kafin a ba su mabuɗi, ba su nuna wata fa'ida mai yawa ba, har a fannonin da aka kafa su dominsu. Tallafin 'yan watanni ya ba da sakamako kusan daidai da abin da aka saba, sai dai ya fi araha.

Gaskiya ta wajabta in faɗi ɓangaren da masu goyon bayan tallafi ba sa son ambata: a rukunin dindindin, yawan iyayen da ke aikin albashi ya ɗan ragu. Ana iya gardama a kan ko hakan asara ce ga uwar da ke da jariri a goye, amma ya faru. Sai batun kuɗi, wanda yake ba mutane mamaki. A binciken nan, ajiye iyali ɗaya a matsugunin gaggawa ya ci kusan dala 4,800 a wata, tallafin dindindin kuwa kusan dala 1,200. Matsuguni yana da tsada saboda ana biyan masu gadi, masu dafa abinci, masu kula da dare da rana, da ginin kansa. Ke nan wata guda a ɗakin da kowa ke ƙorafi a kansa ya isa ya biya hayar wata huɗu a gida na sosai. Da aka tattara dukan kuɗin da aka kashe wa kowane rukuni cikin shekara ukun, na tallafin dindindin ya zarce na abin da aka saba da kimanin kashi 9 cikin ɗari kacal.

To me ya hana a yi hakan? Dalili na farko shi ne aljihun ba ɗaya ba ne. Sau da yawa birni ne ke biyan matsuguni, gwamnatin tarayya ko ta ƙasa ce ke riƙe da tallafin haya, kuma a Amurka kusan gida ɗaya cikin huɗu da suka cancanta ne kawai ke samunsa. Na biyu, matsuguni bukata ce ta daren yau, wadda kotu ko 'yan jarida za su tambaya gobe da safe, tallafi kuwa alkawari ne na shekaru da ma'aji ke tsoron sa wa hannu. Na uku, takardar tallafi ba gida ba ce. Na ga iyalai riƙe da ita wata shida suna yawo, masu gidaje suna ce musu an riga an kama da zarar sun ji daga inda suke. Shi ya sa nake ganin ma'aikaci ɗaya da aikinsa kawai shi ne sanin masu gidajen haya, lallashinsu, ba su tabbacin biyan ɓarna idan ta faru, da gaggauta binciken da hukuma ke yi wa gidan hayar, ya fi amfani ga tsawon zama a kan azuzuwan koyar da tattalin kuɗi guda goma. Matar da ta ciyar da yara uku da abin da bai isa mutum ɗaya ba ba ta bukatar a koya mata tattali.

Ƙofar shiga ma ana iya rage mata cunkoso, kodayake a nan sai an yi hattara. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya bi mutanen da suka kira layin neman agajin haya a Shikago. Saboda kuɗin asusun yana samuwa wata rana ya yanke wata rana, an iya kwatanta waɗanda suka kira a ranar sa'a da waɗanda suka kira a ranar babu. Waɗanda suka dace da kuɗi, kimanin dala 1,000, yiwuwar shigarsu matsuguni cikin wata shida ta ragu da kashi 76 cikin ɗari. Wahalar ita ce mafi yawan masu neman irin wannan agaji ba za su kai ga matsuguni ba ko da an hana su, don haka idan ba a iya zaɓe ba kuɗin zai tafi ga mabukata na gaske amma ɗakunan ba za su ragu ba. Alamar da ta fi kowace ƙarfi ita ce mutum ya taɓa zama a matsuguni a baya, sai ciki ko jariri, sai zama a gidan da sunan mutum ba ya kan takardar haya. Ingila ta bi ta hanyar doka: tun 2018 wajibi ne ƙaramar hukuma ta fara taimakon duk wanda ke fuskantar rasa gida cikin kwana 56, maimakon ta jira ya iso da kayansa a leda.

Duk wannan ba yana nufin a yi watsi da ingancin matsugunin kansa ba, kuma a nan ne ke da abokan aikinki kuke da hannu kai tsaye. Abu na farko shi ne kada a raba iyali. Har yanzu akwai wuraren da ba sa karɓar uba, ko yaro namiji da ya wuce shekara goma sha biyu ko sha uku, sai uwa ta zaɓi tsakanin rufin kwana da ɗanta. Da yawa suna zaɓar mota. Na biyu, ɗaki mai ƙofa da mabuɗi, da wurin da uwa za ta dafa wa yaranta abin da suka saba, domin uwar da aka mayar 'yar kallo a gaban 'ya'yanta tana rasa wani abu da ba ya dawowa da sauƙi. Na uku, gadon jariri. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma a Ingila an gano cewa tsakanin 2019 da 2024 masaukin wucin gadi yana cikin abubuwan da suka taimaka wajen mutuwar yara 74, kuma 58 daga cikinsu ba su cika shekara ɗaya ba. Kwanciya a cunkushe a gado ɗaya da manya na daga cikin haɗurran da aka sani. Na huɗu, makaranta: yaro ya ci gaba da zuwa wadda ya saba, a sama masa abin hawa, domin a wannan lokaci malaminsa da abokansa su ne kaɗai abin da bai sauya ba a rayuwarsa. Girman wurin ma yana da tasiri. A 2018 birnin Washinton ya rufe wani tsohon asibiti da ya mayar matsugunin ɗaruruwan iyalai, ya maye gurbinsa da ƙananan gine-gine a sassan birnin, kowanne na kimanin iyali 50 ko ƙasa da haka, inda ma'aikaci zai iya sanin sunan kowane yaro.

Game da sanya wa zama wa'adi, wanda hukumomi ke rugawa gare shi idan kuɗi ya yi ƙaranci, lissafin farko ya nuna dalilin da yake jan hankalinsu: rage tsawon zama yana buɗe ɗakuna nan take. Amma wa'adin da ba a haɗa shi da gidan da za a koma ba yana mayar da iyali ne falon da suka baro, kuma bayan wata uku ko huɗu su dawo a rubuta su a matsayin sababbin zuwa, yaran sun sake sauya makaranta a tsakani.

Idan za ki je gaban hukumar birninku, Malama, ina ba ki shawara kada ki tsaya a tambayar ɗaki nawa za a ƙara. Idan a daren yau akwai yaran da za su kwana a waje, a ƙara, babu jayayya. Amma ki nemi a ba ki lambobi huɗu na shekara biyar a jere: iyali nawa suka nema aka hana su da kuma dalilin hanawar, kwana nawa iyali yake yi kafin ya fita, kashi nawa ne suka fita zuwa gidan da sunansu ke kan takardar haya, da kashi nawa ne suka dawo cikin shekara biyu. Game da matar mai yara uku kuwa, idan kina da hanyar samunta, ki gaya mata ta nemi a ba ta dalilin hanawar a rubuce, ta karɓo takarda daga yayarta ko mai gidan da ke cewa ba za ta iya zama a can ba, ta sanar da makarantar yaran halin da suke ciki, sannan ta sake nema tare da wani daga ofishin lauyoyin da ke taimakon marasa ƙarfi kyauta. A yawancin biranen da ke da irin wannan tsari akwai damar ɗaukaka ƙara, kuma wa'adinta gajere ne.